Waya ta ce ba ni da juriya: yaya mutum zai auna halinsa da kansa?

Tambayar ta fito ne daga wani malamin kwaleji a Tawa, ɗan kwantaragi, mai shekara talatin da ƴan kai. Ya ce ya amsa wasu tambayoyi da Faransanci a waya, aka ba shi haruffa huɗu aka ce halinsa ke nan. Wani gwajin kuma ya ce juriyarsa ga matsin rayuwa ta yi ƙasa ƙwarai. Abin ya tsaya masa a rai, don a gida ana ce masa mai saurin fushi, barci ya fara yi masa wuya tun da zafi ya shigo, ga kuma wani abokinsa da aka koro daga Aljeriya ba ko dala a aljihu, amma kullum yana fada, wurin hirar abokai da shan shayi, yana ƙyalƙyala dariya. Yana son ya san ko mutum na iya auna halinsa da kansa, ko da rashin juriya aka haife shi, da kuma ko hali na gyaruwa.

Malam, sannu da aiki, Allah ya ba da lada. Sakamakon nan biyu da waya ta ba ka, babu wanda ya kai ya hana ka barci a cikinsu. Amma tambayar da ta sa ka nemi gwajin tambaya ce ta gaske. E, mutum na iya sanin halinsa fiye da yadda ya san shi yanzu, sai dai ba a zama ɗaya ba, ba kuma shi kaɗai ba.

Haruffa huɗun nan daga Amurka suka taso. Wata mata mai suna Katharine Briggs da ɗiyarta Isabel Myers ne suka tsara gwajin, bisa ra'ayin da likitan nan ɗan Suwizalan, Carl Jung, ya wallafa a 1921, suka raba ƴan Adam gida 16. Yawancin abin da ke yawo a waya kwaikwayonsa ne. Aibinsa shi ne yankan da yake yi. Ko dai ya ce kai mai son jama'a ne ko ya ce mai son kaɗaici, babu tsakiya, alhali mafi yawan mutane a tsakiyar suke zaune. Wanda ya ɗan karkata nan yau, in ya tashi da ciwon kai gobe sai ya karkata can, harafi ya canza, a ce masa shi wani mutum ne daban. An sha gwadawa an gani: mutane da yawa in suka sake gwajin bayan ƴan makonni, wani gidan ake jefa su.

Na san za ka ce ai da ka karanta bayanin sai ka ji kamar an leƙa cikinka. A 1948 wani malamin jami'a a Amurka, Bertram Forer, ya yi wa ɗalibansa 39 gwajin hali, bayan mako guda ya miƙa wa kowa takarda da sunansa a kai, ya ce kowa ya ba bayanin maki daga 0 zuwa 5 gwargwadon yadda ya dace da shi. Matsakaicin makin ya kai 4.3. Sai daga baya ya gaya musu cewa takarda iri ɗaya ya raba wa kowa, kuma daga wani ɗan littafin duban taurari ya tsinto jimlolin. Maganganu ne irin su kana son a so ka, wani lokaci kakan yi shakkar ko shawarar da ka yanke daidai ce, a waje kamar ka riƙe kanka amma a ciki kana da damuwa. Wane ne ba haka ba? Masu duba a ƙasa sun daɗe da sanin wannan dabarar, ba su jira jami'a ba.

Akwai awon da masana suka fi yarda da shi, kuma yadda aka same shi abin sha'awa ne. A 1936 Gordon Allport da Henry Odbert suka bi ƙamus na Turanci shafi-shafi, suka tsamo kalmomi kusan 18,000 da ake siffanta mutum da su. Waɗanda suka biyo bayansu suka yi ta tacewa, suna duba waɗanne siffofi ne ke tafiya tare a jikin mutum ɗaya, har abin ya tsaya a manyan rassa biyar. Ɗaya shi ne son sabon abu da yawan tambaya. Ɗaya shi ne tsari da cika aiki, irin malamin da ke gyara takardun jarrabawa ranar da aka yi ta, ba ya bari su kwana. Akwai son shiga jama'a da kuzarin magana. Akwai sauƙin kai da tausayi da saurin yarda da mutane. Na biyar, wanda shi ne ya shafe ka, shi ne saurin jin abu a rai: tsoro, fargaba, ɓacin rai, da yadda suke saurin tashi. Paul Costa da Robert McCrae sun fitar da cikakken gwajinsa a 1992, tambayoyi 240. A nan ba a sa ka cikin gida, ana duba inda ka tsaya ne a kowane reshe, daga kaɗan zuwa da yawa, kuma kowa yana da rabonsa a duka biyar.

Ko wannan ɗin ma da sauran magana. Kai ɗan Adar ne, ka san tiyar kasuwar Tawa ba lalle ta yi daidai da ta wata kasuwa ba. Hatsin ɗaya ne, amma in ka auna da tiyar wani gari ka faɗi adadin a naka garin, ka yi ƙarya ba da niyya ba. Gwaje-gwajen nan da ɗaliban jami'o'in Turai da Amurka aka daidaita yawancinsu. Da Michael Gurven da abokan aikinsa suka kai gwajin wajen mutanen Tsimane, manoma da maharba a ƙasar Bolibiya, rahoton da suka fitar a 2013 ya nuna rassan biyar ba su fito yadda aka saba ba. Mu ma nan muna da namu cikas. An tambaye ka ko kai mutum ne mai ƙwazo, kunya ba za ta bari ka ce ƙwarai ba, don ba a yi mana tarbiyyar yabon kai ba. An tambaye ka ko kana son zuwa liyafa, kai kuwa suna da biki da gaisuwar mutuwa wajibi ne a kanka ko kana so ko ba ka so. Ga shi da Faransanci ka amsa, harshen aiki, ba harshen da kake fushi da shi ba. Sannan in an ce kana da saurin damuwa, da wa za ka gwada kanka? Da mahaifinka? Da abokinka na fada? Kowa da wanda yake dubawa in zai amsa, shi ya sa makin mutum biyu ba ya haɗuwa kai tsaye.

Saboda haka ka ɗauki irin waɗannan tambayoyin a matsayin abin da zai sa ka tsaya ka yi tunani. Hukunci ba nasu ba ne.

Yanzu mu zo kan juriya, don nan ne na ga ka fi ruɗewa. Ka haɗa abu biyu da ba ɗaya ba ne: yadda abu ke dukan ka, da yadda kake dawowa bayan ya doke ka.

In darakta ya aiko a kira ka ba zato, kafin ka kai bakin ƙofarsa jikinka ya riga ya shirya. Zuciya na bugawa, baki ya bushe, tafin hannu ya jiƙe, ciki ya ɗuri ruwa. Wasu ƴan ƙananan gaɓoɓi biyu da ke zaune bisa ƙoda ne ke zuba sinadaran adirenalin da kotizol cikin jini, sukari ya ƙaru, jini ya hau, narkar da abinci ta dakata. Wannan ba cuta ba ce, shiri ne na gudu ko faɗa, kuma shi ya tsirar da kakanninmu a daji. Wani yana jin shi da ƙarfi, wani kaɗan. Reshe na biyar ɗin nan ke nan. Mai jin shi da ƙarfi yana shan wahala, amma sau da yawa shi ne ke fara lura cewa yaron da ke zaune a bayan aji ya daina magana, ko cewa numfashin jariri ya canza cikin dare.

Inda cutar take shi ne shirin ya ƙi sauka. Hans Selye ya nuna haka a 1936 a birnin Montreal na Kanada. Ya sa ɓeraye cikin wahala iri-iri, sanyi, gajiya, allurai, ya tarar ko wace iri ce wahalar, in ta daɗe, abu guda take haifarwa: gaɓoɓin nan na bisa ƙoda su kumbura, sassan da ke kare jiki daga cuta su tsuke, ciki ya yi gyambo. Ya ce jiki na bin mataki uku, firgita, sai daurewa, sai ƙarewar ƙarfi. Mutum na iya daɗewa a matakin daurewa ana yabon sa, ba wanda ya san ya kusa na uku.

Don haka in kana son sanin juriyarka, kada ka tsaya kan ko abu ya ɓata maka rai. Duba tsawon lokacin da ka ɗauka kafin ka dawo hayyacinka, da abin da ka lalata a hanya. Malamin da ya fusata da rana, zuwa la'asar ya huce, ya ci tuwon dare, ya yi wasa da ƴaƴansa, ya yi barci, yana da juriya ko da kowa ya ji muryarsa a farfajiyar makaranta. Wanda bai ce uffan ba, amma kwana huɗu yana juya maganar a ransa, abinci ya fita kansa, matarsa na tafiya da sanɗa a tsakar gida, shi ne ke cikin wahala, ko da ana ce masa mai haƙuri.

A nan nake da ja da yadda muke yabon haƙuri. Haƙuri babban abu ne, ban raina shi ba. Amma mun mai da shiru ya zama shi ne haƙuri, har namiji na jin kunyar ya ce abu ya dame shi. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu, ya kuma faɗa cewa zuciya na baƙin ciki, abin da ya kiyaye shi ne harshensa. Mu kuwa sai mu haɗiye, abin ya ɓullo ta jiki. A wurin aiki abin da na fi gani shi ne mutum ya zo da ciwon kai da ba ya jin magani, zafin ƙirji, jiri, abu na yawo a jiki kamar kiyashi, an yi awon zazzaɓin sauro an yi na taifot ba a ga komai ba. Ba banza ba tambayoyi 20 da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara don gano damuwa a ƙasashe irin namu suka fara da ciwon kai, rashin cin abinci, da rashin barci, kafin su zo kan baƙin ciki.

Abokinka da aka koro, kada ka yi saurin cewa ɓoyewa yake yi. Mai yiwuwa da gaske ya miƙe. George Bonanno na jami'ar Columbia ya bi diddigin waɗanda suka rasa mata ko miji, da mutanen New York bayan harin 11 ga Satumba 2001, ya tarar mafi yawan mutane na ci gaba da rayuwarsu bayan babban rashi ba tare da sun faɗa ciwo mai daɗewa ba. Ɗan Adam ya fi yadda ake zato ƙarfi. Sai dai kai kana jin duk abin da ke cikinka dare da rana, shi kuwa haƙoransa kawai kake gani na awa biyu a fada. Kuma wahalarku ba iri ɗaya ba ce. Tasa ta zo gaba ɗaya ta wuce, kowa ya sani, kowa ya yi masa jaje. Taka kullum ce, ƴar kaɗan-kaɗan, aji cike maƙil, kuɗin wata na jinkiri, ƙauye na kira, ba wanda zai zo ya yi maka jaje a kan wannan.

Akwai wani bincike da nake so ka riƙe. A tsibirin Kauai na Hawai, Emmy Werner ta bi yara 698 da aka haifa a 1955 har suka kai shekara 40. Kusan kashi ɗaya cikin uku an haife su cikin talauci da rikicin gida ko rashin lafiyar iyaye. A cikin waɗannan, kashi ɗaya cikin uku suka tashi lafiya lau, masu aiki, masu riƙe gida. Da aka duba abin da ya bambanta su, an ga wani ɓangare na ɗabi'arsu ne tun suna jarirai, amma abin da ya yi ta maimaituwa shi ne kowannensu ya samu aƙalla babban mutum guda da ya tsaya masa, kaka, gwaggo, maƙwabci ko malami. Ma'ana, wani kaso mai yawa na juriyar mutum ba a ƙirjinsa yake ba, yana wajen mutanen da ke kewaye da shi, da barcin da ya samu, da abin da ya ci, da ko akwai bashi a kansa. Gwajin waya bai tambaye ka ko ɗaya daga ciki ba.

To ga yadda nake sa mutane su auna kansu. Malamanmu na addini sun san abin da sunan muhasaba, bambancin kawai a nan da alƙalami za ka yi, kuma ba zunubi kake ƙirgawa ba. Nemi kaye, wato littafin rubutu, irin na ɗalibanka. Kowane dare bayan isha'i, har mako uku, rubuta abu guda da ya fi taɓa ka a ranar, abin da jikinka ya yi, abin da ka ce wa kanka a zuci, abin da ka aikata, da lokacin da abin ya sake ka. Ba shi maki daga 0 zuwa 10. A gefe ka sa awa nawa ka yi barci daren jiya, ko ka ci abincin rana, da kofin shayi nawa ka sha. Da Hausa za ka rubuta. Shafin zai iya zama kamar haka:

Talata. Awa ta ƙarshe kafin a tashi. Wani yaro ya yi dariya ina rubutu a allo. Kunnuwana suka yi zafi, hannu na rawa. Na ce a raina sun raina ni don ni ɗan kwantaragi ne. Na kore shi waje, na yi wa ajin duka faɗa. Maki 8. Ban huce ba sai bayan magariba. Barci awa huɗu, ba wuta. Ban karya ba. Shayi uku.

Dalilin rubutun shi ne tunani ba amintaccen shaida ba ne. In aka tambaye ka yadda watan ya kasance, ranar da ta fi muni da ta jiya kawai za ka tuna. Takarda kuwa ba ta da son kai. Bayan mako uku ka zauna ka karanta daga farko kamar takardar wani ɗalibi kake gyarawa. Abin da mutane ke tararwa yakan ba su mamaki. Wani da ya yi imani shi mai zafin rai ne tun haihuwa sai ya ga duk fushinsa tsakanin sha biyu da biyu na rana yake, da yunwa. Wani ya ga duk ranar da aka kira shi daga ƙauye ana neman kuɗi, washegari ne yake faɗa da matarsa. Wani kuma ya ga jimla ɗaya ce ke dawowa a layin abin da ya ce wa kansa, an raina ni, an raina ni, ko da abin da ya faru bai kai raini ba. Wannan layin shi ya fi kowane muhimmanci. Richard Lazarus da Susan Folkman sun yi bayaninsa a 1984: abin da ya faru ba shi kaɗai ke kawo matsi ba, har da fassarar da ka yi masa, da ko kana ganin kana da abin tunkararsa. Dariyar yaro ɗan shekara goma sha uku dariya ce kawai, sai ka fassara ta sannan take zama wuƙa.

Su biyun nan sun kuma raba hanyoyin fama da matsi gida biyu, gyara matsalar kanta, da lallashin zuciya a kan abin da ba ya gyaruwa. Ka bi kayenka ka ware. Jinkirin kuɗin wata ba a hannunka yake ba, nan ne wurin addu'a da tawakkali da hira da abokai da ƙwallon yamma. Kiran ƙauye kuwa rabinsa a hannunka yake: ka yanke abin da za ka iya aikawa duk wata, ka sanar da babban yayanku ko kawunku, ka daina yanke shawarar a waya cikin kunya. Mutane da yawa sukan juya abin, su yi ta haƙuri da abin da magana ɗaya za ta gyara, su yi ta ƙuna a kan abin da ba mai iya taɓawa.

In kana son awo mai lamba a gefen kayen, wanda na fi yarda da shi shi ne na Sheldon Cohen na 1983, wanda gajerensa ke da tambayoyi 10, maki daga 0 zuwa 40. Ba ya tambayar wane ne kai. Yana tambayar watan da ya wuce ne kawai: sau nawa ka ji al'amura sun fi ƙarfinka, sau nawa ka ji ba ka da iko da muhimman abubuwan rayuwarka, sau nawa matsaloli suka taru har ka ga ba za ka iya haye su ba. Ba ya gano cuta, amfaninsa shi ne ka gwada kanka da kanka a lokuta daban. Yi shi yanzu, ka sake yi a watan Agusta in an yi hutu, ruwa ya sauka, dare ya yi sanyi. Afrilu da Mayu a Tawa zafi na wuce digiri 40, ɗaki na riƙe zafin har tsakar dare, ga jarrabawa na matsowa. Baligi na buƙatar barcin awa bakwai ko fiye. Wanda ke samun huɗu, ko waliyyi ne zai yi saurin fushi. Ƙara da shayin fada. Sinadarin da ke cikinsa mai hana barci yakan ɗauki kimanin awa biyar kafin rabinsa ya bar jini, don haka na farkon nan mai ɗaci da kake kurɓa ƙarfe tara na dare yana nan tare da kai ƙarfe biyu. Ban ce ka bar fada ba, fada na cikin abin da ke riƙe da kai. Ka bar musu na farko, ka jira na uku, ko ka mai da shayinka na la'asar.

Saura shaidar mutane. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, gaskiya ne, amma ba ya ganin bayan ɗakin. Simine Vazire ta gwada wannan a 2010, ta tarar mutum ya fi kowa sanin abin da ke ɓoye a cikinsa, kamar fargaba, amma a abubuwan da ke da yabo ko zargi a ciki, abokai sun fi shi gani daidai. Sai dai tambayar tana son dabara a wajenmu. In ka ce wa matarka yaya halina, za ta ce lafiya lau, Allah ya bar mu tare, magana ta ƙare. Tambaye ta abu ƙarami wanda za ta iya amsawa ba tare da ta ji ta yi maka rashin kunya ba: ranar da na dawo raina a ɓace, da me kike ganewa tun kafin in yi magana? Me nake yi da ke sa yara su bar tsakar gida? In ta fara faɗa, kada ka kare kanka, in ka kare sau ɗaya ba za ta sake ba. Sannan ka nemi taubashinka. Wasan taubasai da UNESCO ta sa cikin gadon al'adun duniya da sunan Nijar a 2014 yana da wannan amfanin, shi kaɗai ne zai gaya maka aibinka a bainar jama'a kowa ya yi dariya har da kai. Saurari abin da ya fi maimaitawa in yana tsokanar ka. Inda maganarsa da ta matarka da kayenka suka haɗu, nan halinka yake.

Ko hali na gyaruwa? Muna cewa hali zanen dutse, kuma akwai gaskiya a ciki. Binciken tagwaye ya nuna kimanin kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari na bambancin hali tsakanin mutane gado ne. Wanda aka haifa da saurin jin abu ba zai wayi gari ya zama wanda ba abin da ke taɓa shi ba, kuma kada ka sa wa kanka wannan burin. Amma Brent Roberts da abokan aikinsa sun tattara bincike 92 a 2006, waɗanda suka bi mutane shekara da shekaru, suka ga yawanci mutum na ƙara natsuwa da tsari yayin da yake girma, kuma canjin ya fi yawa tsakanin shekara 20 da 40. Kana tsakiyar wannan zangon. A 2017 sun sake nuna cewa zama da masani ana tattaunawa na ƴan watanni yana rage saurin damuwar nan ragi na a zo a gani. Zafin da ke taso maka a kunne wataƙila zai ci gaba da tasowa. Abin da ke canzawa shi ne abin da kake yi a daƙiƙa goman da ke biye. Koyi ajiye alli, ka ja numfashi ta hanci, ka sake shi a hankali ya fi jan tsawo, sau biyar ko shida, don fitar da numfashi a hankali na rage bugun zuciya. Yi ta gwadawa a lokacin da kake lafiya, bayan salla misali, don ranar fushi ba ranar koyo ba ce.

Akwai inda auna kai ke tsayawa. In ka kai mako biyu kusan kullum zuciyarka a cushe, abin da ka saba jin daɗinsa ya fita ranka, barci ko ci ya lalace, aiki ya gagara, wannan ya wuce maganar hali, ciwo ne kuma yana da magani. In ka kai hannu ga matarka ko ka yi wa ɗalibi dukan da kai kanka ka tsorata, haka nan. In tunanin gara mutuwa ya fara zuwa maka, ranar za ka gaya wa wani na kusa, ku tafi likita tare, ba sai gobe ba. Fara da asibitin unguwa ko babban asibitin jiha nan Tawa, a auna jininka ko ya hau, a duba ƙarancin jini da sukari da maƙoƙo, don dukansu na iya kawo bugun zuciya da saurin fushi da rashin barci. In ana buƙatar ƙwararru, babban asibitin ƙasa na Yamai na da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma ba sai wanda ya fita tsirara ake kaiwa can ba. Abin da na roƙe ka, ƙanena, kada ka sayi maganin barci ko tiramol wajen masu talla a bakin tasha. Suna kwantar da abin na mako ɗaya, su bar ka da matsala biyu. In za ka ga likita, tafi da kayenka, ka nuna masa shafukan da makinsu ya kai 7 zuwa sama da layin awannin barci.